Wane Ayan Aka Sace?

Ke, ai an saki mai wanki! Tsaya ki ji yadda Sufeto ya sha wuya.

Takarda ce likitar asibitin unguwa ta aika ofishin 'yan sanda, layi ɗaya da Turanci: an sace "iron" a sito. Ita kuma ta shige tiyata, waya a kashe.

Sufeto ya juya takardar, ya sake juyawa. Saje ya ce ai ayan dutsen guga ne, kowa ya sani. Suka nufi ɗakin wankin asibitin. Mai wanki ya ga kaki, don tsoro ya rantse bai taɓa ganin dutsen ba, alhali ga shi nan bayan ƙofa da ɗuminsa. Aka ɗaura masa ankwa, aka sa shi a mota yana kuka.

To in dutsen yana nan, me aka sace? Maigadi ya ce shi a makarantarsu ayan ƙarfe ne. Aka zagaya baya, tsofaffin gadajen ƙarfe na nan, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Kan Sufeto ya ɗaure tamau. Ya sa aka kira mai sito, wani ɗan gayu mai biro uku a aljihu. Ya ce shi kayansa cif suke, bai ma san wane ayan likita take nufi ba.

"Wa kake zargi?"

"Mai wanki mana, yallaɓai. Ai matarsa ciki gare ta."

Sufeto ya dubi Saje, Saje ya dubi silin.

"Me ya haɗa ciki da dutsen guga?" in ji Sufeto.

Wata nas da ke wucewa ta ce, ayya, ai ayan ƙwayar ƙarin jini ce ta masu ciki, kwana uku ke nan ana sallamar mata babu ita.

"Kai da ba ka san wane ayan ba," in ji Sufeto, "ya aka yi ka san na masu ciki ne?"

Gumi ya karyo wa mai sito. Ya fara kame-kame, can dai ya amsa: kwali huɗu ya kai wa wani mai kemis. Ankwar da aka cire wa mai wanki ita aka ɗaura wa mai sito.

Don Allah ki leƙa ki gaya wa matar mai wanki ta share hawaye ta ɗora tukunya, mijinta na hanya.