Yaɓen Soron Inna

A wani gari can, an yi wani saurayi mai koyon Turanci. Da damina ta ƙarato, uwarsa ta ce, "Hau ka yaɓe soron nan."

Ya ce, "Inna, Turawa sun bambanta aiki. Na albashi da sunansa, na gida da sunansa, wanda ake tsufa a kai ma da sunansa. Wanne ne wannan?"

Ta ce, "Na hawa soro ne!"

Yau ta ce hau, ya ce wanne. Gobe ta ce hau, ya ce wanne.

Da ruwan farko ya sauko, sai yoyo ya jiƙe shimfiɗarsa sharkaf. Inna ta dangwara masa ƙwarya ta ce, "Ungo, tara! Wannan aikin kuma tambayi Turawan sunansa."