Fiyus Ɗin Da Haladu Ya Ɗaure

Ku matso kusa. Kai Nafi'u, kashe wayar nan, labarin ba na dariya ba ne.

Kun san Haladu rewaya, mai gyaran wayar mota a bayan tsohuwar tasha? Wanda ba ya fara'a ɗin nan? To da ba haka yake ba. Yana da wa, Tasi'u, direba. Shekara uku ke nan motar Tasi'u ta mutu a tsakiyar mashigin rafi da damina, ruwa ya tafi da shi da motar. Ba a ga ko taya ba. Kuma da safen ranar Haladu ne ya taɓa motar. Abin da ke cinsa ke nan, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Rannan dab da magariba, gareji ya watse, sai ga mota ta shigo a hankali, duk laka. Wani dogo ya fito, hula har gira.

"Fitilar cek, mai nuna matsalar inji, ta ƙi mutuwa. Duba min."

Muryar kamar daga cikin rijiya.

Haladu ya jona kwamfuta, ta nuna hitar sensa. Wato akwai wata 'yar sensa a jikin salansa mai shinshinar hayaƙi, da hita a cikinta, in ba ta yi ɗumi ba ba ta aiki. Ya shiga ƙarƙashi, ya cire soket, ya sa mita. Mita ba ta motsa ba, hita ta mutu. Ya bi wayar da yatsa, ya ji ta narke ta manne da salansa. Salansar kuwa sanyi ƙalau. Motar da yanzu ta tsaya fa!

Daga nan ƙasa ya hango ƙafafun mutumin. Ba takalmi. Ruwa na ɗiga daga wandon, amma ƙasa ba ta jiƙa.

"Yi sauri, ƙanena. Sanyi nake ji."

Haladu ya fito, ya buɗe akwatin fiyus. A gurbin fiyus ɗin hita, silin waya ne aka murɗa sau uku, ta hagu. Haladu bahago ne. Hannunsa ne, ya gane.

Nan ya tuna. Ranar fiyus ɗin ya yi ta ƙonewa, Tasi'u na cewa kai dai ɗaure min in wuce, ana jirana. Shi kuwa maimakon ya bi waya ya ga inda ta haɗu, sai ya ɗaure gurbin fiyus ɗin da silin waya. Da fiyus ne, da ya ƙone shi kaɗai. Sili bai ƙone ba, sai wayoyin motar suka ƙone, a tsakiyar ruwa.

Yana hawaye ya yi gyaran. Sabuwar waya, sabuwar sensa, fiyus na gaske. Ya tayar. Fitila ta mutu. Ya taɓa salansa, ɗumi.

"Yaya," ya ce, "ni ne ko?"

"Ni na ce ka ɗaure." Mutumin ya shiga mota. "Shigo mu gwada ta. Zuwa rafi mu dawo."

Kun san mai gyara ba ya sallamar mota bai gwada ba. Haladu ya buɗe ƙofa, ya zura ƙafa ɗaya. Ruwa ne cikin motar har idon sawu, da yashi a ciki. Sai ladan ya ɗaga murya. Ya janye ƙafar.

"Yaya, Inna fa ni kaɗai na rage mata."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa.

"Haka ne. Ka gaishe ta."

Ya sa masa wani abu a tafin hannu, ya ja mota. Ko ƙarar inji babu.

Malamai sun ce mamaci ba ya dawowa, aljanin rafin ne ya ari murya. Haladu bai musa ba. Bai kuma isar da gaisuwar ba, ya rasa ta inda zai fara. Silin wayar da mutumin ya sa masa a hannu dai yana aljihunsa, har yau bai bushe ba.

Don haka kar in ji ɗayanku ya bi ta bayan tashar nan shi kaɗai da magariba. In mota ta tsaya aka ce shigo mu gwada, ka fara duban ƙafa.