Kwali Mai Fanka Uku

Ranar da Rauda ta fara shiga shagon Mu'awiya a Tambuwal, ba shi ta fara kallo ba. Kwalin da ke kan kanta ta kalla, baƙi mai sheƙi, da hoton katin girafik mai fanka uku a jikinsa. Katin girafik shi ne abin da ake sa wa kwamfuta don ta iya ɗaukar aikin bidiyo, Mu'awiya kuwa da haɗa bidiyon biki da suna yake cin abinci.

"Wanga ne cikin kwamfutarka?" ta tambaya, tana miƙa masa bidiyon bikin yaye ɗalibanta.

Ya dubi idanunta, sai bakinsa ya riga hankalinsa. "Awo, shi ne. Ni ba ni aiki da ƙaramin abu."

Ƙarya ce tsagwaronta. Wata uku kafin nan ya yini a Sakkwato yana taya kati iri uku. Ƙaramin ba ya jan aikinsa. Babban ya ninka kuɗin matsakaicin har sau uku, ga shan wuta, da zai shanye masa batirin sola tun kafin la'asar. Sai ya ɗauki matsakaici mai fanka biyu, bai kuwa taɓa ba shi kunya ba. Son a sani ne ya kai shi ya baro, domin da ya ga kwalin babban babu komai ciki a wurin Ɗangiwa mai sayar da kayan kwamfuta, sai ya saya ya kafa a kanta don burge masu kawo aiki.

Rauda malamar kwamfuta ce a sakandaren 'yan mata. Ta zauna gefensa tana kallon allon yayin da yake aiki, ta yi ɗan murmushi.

Daga bidiyo ɗaya sai aka koma gaisuwar safe ta waya.

"Malamata, kin tashi lafiya? Shagon ga ya yi mini faɗi tunda kinka tafi."

"Injiniyana, ka yi aikinka. Abin da nika so gare ka, ka san darajar abu."

Duk sanda ta rubuto irin wannan, sai kunya ta kama shi ya kasa haɗa ido da kwalin. Sau nawa ya rubuta mata gaskiya ya goge! Ya ce gobe, goben ta zama wata biyar. Yana tsoron in ta san abin da ke cikin kwamfutar, za ta ga shi ma matsakaici ne.

Mahaifinta, Alhaji Bube, mutumin Fakku ne, fatauci yake yi na gero da dawa a kasuwar Kebbe. An san shi da hali ɗaya: ba ya sayen buhu sai ya zura hannu har gwiwa ya damƙo na ƙasa. Har ya yarda Mu'awiya ya turo magabatansa, sai Ɗangiwa, wanda shi ma ya daɗe yana son Rauda, ya je ya durƙusa gaban Alhaji Bube ya zayyana masa labarin kwalin tsaf.

Saƙon Rauda ya iso da hantsi.

"Baba ya ce a dakata da zancen turowa. Ya ji maganar kwali."

Mu'awiya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sauke kwalin ya cusa ƙarƙashin tebur, ya rufe shago. Kwana fuɗu tana kira ba ya ɗauka. A ransa ya gama yanke cewa ta raina shi, kuma yana ganin ta yi daidai.

A rana ta biyar ta rubuto.

"Mu'awiya, ka mance aikina? Tun ranar farko nig ga sunan katinka a jikin allo. Na san fanka biyu ne. Da ni ce, shi zan saya. Shi ne yas sa nij ji kana burge ni, ba kwali ba. Wata biyar nika jiran ka faɗa mini da bakinka."

Ya karanta sau uku, idanunsa suka cika. Ashe duk tsawon lokacin nan da yake hura hanci, ta sani, tana rufa masa asiri ne kawai. Wannan kunyar ta fi ta farko ciwo.

Ranar kasuwar Kebbe ya ɗaure kwamfutar a bayan babur da igiyar roba, kwalin a samanta. Ya sami Alhaji Bube a tsakiyar buhuna da masu awo. Ya gaida shi, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance murfin kwamfutar. Mutane suka fara taruwa.

"Baba, ga kwali, ga abin da ke ciki."

Dattijon ya sunkuya. Ya ƙirga fanka da yatsa a jikin kwali, uku. Ya leƙa ciki, biyu.

"Mi yas sa ba ka sayi mai ukun ba?"

Mu'awiya ya faɗa masa komai kansa a ƙasa: kuɗin, wutar, batirin, da yadda mai biyun ke gama masa bidiyon biki kafin dangin amarya su watse.

Alhaji Bube ya murza gemu.

"To wanga ai cinikin mai hankali ne. Yaro, mi yas sa kake jin kunyar hankalinka? Ni matsakaicin gero nika ci gidana, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ba ni yarda da shi, a zuba mai kyau bakin buhu. Shi yas sa nic ce ban ba ka ɗiyata."

"Na yi kuskure, Baba. Na tuba."

"Shekara talatin nika zura hannu cikin buhunan mutane. Yau ne mai buhu yaz zazzage mini nashi da kanshi." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Rufe abinka kar ƙaiƙayi ya shiga. Ka turo manyanka ran Juma'a."

Mu'awiya bai bar kasuwar ba sai da ya rubuta mata.

"Malamata, fanka biyu gare ni. Ki yafe mini."

"Na daɗe da yafewa, Injiniyana. Kada ka yar da kwalin, ina da aiki da shi."

Bayan kaka aka ɗaura aurensu a Fakku, kuma da katin nan mai fanka biyu angon ya haɗa bidiyon bikinsa. Kwalin kuwa yana kicin ɗin Rauda, cike da daddawa da barkono. A ranar da ta zuba su ta kira shi ya gani, ta ce, "Ka ga, yanzu da abu ciki." Ya rufe fuska da hula, ita kuwa tana ta dariya.

Allah ya sa albarka a gidan Mu'awiya da Rauda, ya ba su zuriya mai gaskiya, amin.