Matar da Take Sare Hadari

A ƙauyensu na kudancin Paraguay, kowa ya san Eulogia da sare hadari, wato korar shi da gatari. Da yammacin ranar, da baƙar guguwa ta doso, ta fito tsakar gida da gatari, ta zana gicciye a iska, ta kafa gatarin a ƙasa yadda kakarta ta koya mata. Guguwar ta karkata, ta nufi ƙetaren rafi. Maƙwabta suka yi ta kawo mata rogo da ƙwai.

Cikin dare gari ya yi tsit, ko kwaɗi ba sa kuka. Tana ɗora ruwan shayi sai ta hangi wani mutum tsaye kusa da gatarin. Harshen fitilarta ko motsi ba ya yi, amma rigarsa sai kaɗawa take, kamar shi kaɗai iska ke bugu.

"Bawan Allah, shigo ka sha mai zafi," ta ce.

"Ba na iya shigowa. Tambaya ce ta kawo ni. In kin sare ta, ina take zuwa?"

"Ni dai kora nake yi. Ban taɓa tambaya ba."

Muryar tana fitowa kamar daga ƙarƙashin rusasshen gini. Eulogia ta so ɗaga fitilar, hannunta ya ƙi. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi. A ɗayar kuwa akwai takalmin da ta ɗinke da jan zare ranar da ɗanta Crispín zai tafi aikin gona ƙetaren rafi.

"Mama," ya ce a hankali, "cire gatarin nan. Har yanzu tana kanmu."