Facin da Baba Ya Yi wa Takalmin Zarak

"Wallahi ba za ka saka shi ba!" Palwasha ta faɗa, ta ɓoye takalmin a bayanta.

"Ba ni abina, mota na jirana," in ji Zarak yana dariya.

"Au, dariya ma kake yi? Ƙafarka fa, Zarak!"

Zarak ɗan gwaggonta ne, ya daɗe yana neman aurenta, mahaifinta Baba Gul Nawaz kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mai jifa ne a wasan kurket, irin masu tahowa a guje su sako ƙwallo kamar harsashi. Duk sanda ya dire ƙafar hagu, babban yatsansa sai ya daki bakin takalmi, shi ya sa ya huda wurin da wuƙa, kamar yadda masu irin jifansa da yawa suke yi.

Baba kuwa duk garin Charsadda an san shi da ɗinkin takalmin fata, kurket a wurinsa aikin zauna-gari-banza ne. Ranar da aka hasko ƙafar Zarak a talabijin ɗin mai shayi, yatsa a waje tsirara, 'yan kasuwa suka samu abin yi.

"Ustad gwanin ɗinki, ba ɗan ƙanwarka ba ne wancan? Gidan takalma guda, yaro yana yawo da yagagge!"

Tun daga ranar Baba ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau.

Jiya Zarak ya kwana a gidan don ya yi sammakon Peshawar, inda masu zaɓar 'yan wasan ƙasa za su kalle shi. Da safe sai ga takalminsa a bakin ƙofa, an toshe hudar da fata mai kauri, ɗinki biyu-biyu, ko iska ba za ta shiga ba.

"Bari in je in yi wa Baba bayani..."

"Kul!" Zarak ya rage murya. "Kin fi ni sanin Kawu. Bakinsa bai iya cewa na yarda ba, hannunsa ne yake magana. Mutumin da ya zauna ya yi mini wannan, in farke masa a gabansa? Daga ranar babu ni babu ke."

"In kuma yatsan ya hana ka jifa?"

"Farce ai yana tsirowa, sanyin idona. Ke kuma ina zan samo wata?"

Ta miƙa masa takalmin, ta juya don kada ya ga murmushin da ya ƙwace mata.

"Ki yi mini alkawari ba za ki gaya masa ba."

"Na ji. Tafi, Allah Ya tsare."

Da hantsi gidan ya cika da maƙwabta. Baba ya ce shi ba kallo zai yi ba, ya shimfiɗa kayan aikinsa a gefe ya juya wa talabijin baya. Amma fa ko allura bai zura ba.

Zarak ya taho a guje, ya saki ƙwallo, sanduna ukun da mai bugu yake karewa suka tarwatse, ya fitar da ɗan wasa na farko ke nan! Ɗakin ya kaure da ihu. Ya fitar da na biyu, ya fitar da na uku. Kafin na huɗu Baba ya juyo gaba ɗaya, shayinsa ya huce a hannu.

"Wannan kuma me ya sa yake ɗingishi?"

Palwasha ta yi kamar ba ta ji ba.

Da ya fitar da na biyar, aka hasko ƙafarsa. Ga facin Baba nan daram, gefensa kuma farin takalmin ya rine ja.

"Palwasha, jini nake gani?"

In ta faɗa, ta karya alkawari, kuma ta kunyata mahaifinta a gaban mutane. In ta yi shiru, jibi ma haka Zarak zai saka shi, har ya nakasa kansa. Ta durƙusa kusa da kunnensa, hawaye na zuba.

"Baba... hudar nan da gangan yake yin ta. Don yatsan ya samu wuri ne."

"Ya sani, ya saka?"

"Ya ce hannunka ne ya ɗinka..."

Baba ya tattara kayansa ya shige ɗaki. Hankalinta ya tashi, ta tabbatar ta ɓata komai.

Washegari da la'asar Zarak ya dawo, an kira shi sansanin 'yan wasan ƙasa. Samarin unguwa suka rako shi da ganga, wuyansa dam da furanni, yana takawa da ƙyar. Palwasha na leƙe ta bayan labule lokacin da Baba ya fito fuska a ɗaure.

"Ina takalmin?"

"Kawu, ai lafiyarsa ƙalau..."

"Ba ni nan, sakarai!"

Baba ya zauna a tsakar gida, ya zaro wuƙarsa, ya yanke facinsa da hannunsa. Ya zagaye hudar da lallausar fata, ya bi ta da ɗinki ƙanana-ƙanana, sannan ya wurga masa.

"In za ka yi huda, ka yi ta mutunci. Kuma gobe ka turo mini uwarka."

"Na'am, Kawu?"

"Kurma ne kai ban da ɗingishi? Na ce ta zo a sa rana! Gara a ɗaura auren nan tun kana da sauran yatsu tara."

Gidan ya ɗauki shewa. Zarak ya rungume kawunsa yana kuka kamar yaro, Baba yana ture shi yana cewa ya sake shi, idonsa shi ma ya kawo ruwa.

Palwasha ta zame ta zauna a bayan labule, ta toshe baki da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata. Daga waje ta ji muryar Baba.

"Ke kuma mai laɓe, taso ki kawo wa mijinki ruwan ɗumi ya gasa ƙafa!"