Rigar Sanyina da Saƙonnin Mama

Rigar sanyina na fara gani, a rataye a bayan kujera, hannunta ɗaya yana jan ƙasa. Ni kuwa da safe, kafin in fita aiki, da hannuna na ninke ta na danna ta a ƙasan akwati.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ko mayafi ban cire ba. Mijina yana durƙushe a kan akwatin, ya sa gwiwa yana danne murfin, zif ya ƙi haɗuwa.

"Malama, kin dawo? Zo ki hau nan don Allah, yau ɗan nauyin nan naki zai yi rana."

"Wa ya fitar da rigata?"

"Ni ne. A hannu za ki riƙe ta. Saƙon Mama ne ya ƙaru."

Ya ƙaru!

Tun ranar da wurin aikinsa suka ce za su tura shi taro wani babban birni a ƙasar waje, a tsakiyar lokacin sanyi, nake shiri. Taron zai ci rabin mako, sauran kwanakin namu ne. Ba mu cika shekara da aure ba, kuma ba mu taɓa tafiya mu biyu kaɗai ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na iya bincike. Na karanta komai a kan birnin. Na san ranar da gidan tarihi yake rufe, na san motar da ke zuwa tsohon ɗakin karatu, na san hasumiyar da ake hawa a hango gari duka fari fat da dusar ƙanƙara. Taswirar da ke wayata sai da ta cika da taurari, kowane wurin da nake son zuwa da tauraronsa.

Sai Mama ta ji labari. Mahaifiyarsa ce, a sashen ƙasa na gidanmu take zaune, mace mai kirki da son zumunci har ya yi yawa.

"Ai ƙanena yana can, ku je ku gaishe shi." Gidan tarihi ya tafi.

"Auta ta ce akwai wani kanti da ake sayar da irin jakar da take so." Ɗakin karatu ya bi shi.

Kullum sai ta hauro da leda: turare na wane, yadi na wance, takalman jikokin wane. Kullum ni kuma sai in ce, "To Mama, Allah ya kai mu," in koma ɗaki in goge tauraro ɗaya.

Guda ɗaya ya rage. Gada.

"Injiniya," na ce a hankali, "wannan saƙon na waye?"

Ya sosa ƙeya.

"Wai... 'yar aminiyar Mama ce ta haihu. Ba a cikin birnin take ba, amma babu nisa, jirgin ƙasa ne kawai."

"Yaushe za mu je?"

"Ranar ƙarshe."

"Ranar ƙarshe tawa ce."

"Taki ce mana, zuciyata! Mu fita da safe, mu yi barka, mu ci abinci, da yamma mu dawo mu wuce gadarki. Shi ke nan, kowa ya samu."

"Babu yamma a can."

"Kamar yaya babu yamma?"

"A wannan lokacin, ana yin la'asar duhu yake shiga. Na gaya maka. Na nuna maka a waya, kana kallon ƙwallo ka ce to."

Ya yi dariya, har da riƙe ciki.

"Haba Malama! Rana ce fa, ba fitilar ɗaki ba da wani zai kashe. In ma duhun ya yi, ai akwai wuta a titi. Gada dai gada ce, ni da nake gina su nake gaya miki. Siminti ne da ƙarfe."

Na kalle shi, na kalli bakin da ya faɗi wannan maganar, na kasa yarda shi ne.

"Ka manta ke nan."

"Na manta me?"

"Abbana."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa, ta rasa inda za ta je.

A birnin nan Abbana ya yi karatu yana saurayi. Tun ina ƙarama yake ba ni labarin wata tsohuwar gada, yadda yake tsayawa a kanta da rana tsaka, ƙanƙara tana sauka a kan kogin, hannayensa sun daskare, yana kewar gida. "In kin gama jami'a, ni zan kai ki da kaina, uwata," haka yake cewa. Ina shekarar ƙarshe ya kwanta, bai tashi ba.

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa wannan a duniya. A zauren gidanmu, lokacin yana zuwa zance, ina kallon yatsun ƙafata don kunya. Ya ce, "Ki daina kuka. Ni zan kai ki."

A wannan ranar na amince zan aure shi.

"Ban manta ba..." ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wallahi ban san ita ce wannan gadar ba. Ke ma ai ba ki ce..."

"Sai na ce? Komai sai na ce?"

"To ya kike so in yi? Mahaifiyata ce! In kalli idonta in ce ba zan kai ba?"

"Ni ai ka iya kallon idona!"

"Malama, yi a hankali..."

"Ba zan yi a hankali ba! A hankalin nan ne ya cinye mini gidan tarihi, ya cinye ɗakin karatu, yanzu har rigata ya fitar daga akwati! Matarka za ka tafi da ita ko 'yar aike? Mama ta mayar da mu motar kai kaya, ko sau ɗaya ba ta tambaye ni me nake so in gani ba! Abu ɗaya nake nema, in tsaya inda mahaifina ya tsaya, da rana, in gani da idona. Shi ma sai an ba wa jaririn da bai ma san mun zo ba?"

Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Hawaye yana shiga mini baki.

Sai na ji ƙarar leda a bayana.

Ashe ban rufe ƙofar falo ba da na shigo.

Mama ce tsaye, da sabuwar leda a hannunta, tana haki kaɗan saboda matakala. Ban san tun yaushe take wurin ba. Fuskarta ce ta gaya mini.

"Mama..." in ji mijina, ya miƙe da sauri. "Ba haka take nufi ba, gajiya ce..."

Ba ta ko kalle shi ba. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa.

Ta ratsa ta gabana ta je wurin akwatin. Ta dafa gado ta sunkuya da ƙyar, gwiwarta tana ƙara, ta buɗe murfin. Ta fara fitar da ledojinta. Turaren. Yadin. Ƙananan takalman. Kayan jaririn da ta naɗe da kyau ta ɗaure da zare. Ta jera su a gefe, a nutse, kamar mai kwashe shanya.

"Mama, don Allah ki bari, za mu kai..."

Ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

Ta ɗauko rigata daga bayan kujera, ta karkaɗe hannun da ya sha ƙura, ta ninke ta yadda ban taɓa iyawa ba, ta shimfiɗa ta a cikin akwatin. Sannan ta buɗe ledar da ta hauro da ita yanzu.

Safar hannu ce ta ulu, ruwan toka, da hular sanyi ta mata. Ƙananan hannu, daidai nawa. Ko takardar kanti ba a cire ba.

Ta ɗora su a kan rigar, ta shafa sau ɗaya, ta ja zif. Ya rufu ba gardama.

"Mama, ki yafe mini..." Da ƙyar maganar ta fito, ban ma san ko ta ji ba.

Ta tattara ledojinta, hannu biyu cike. Mijina ya miƙa hannu zai karɓa, ta kauce. Ta wuce ta gabana, gefen zanenta ya shafi kafaɗata.

Muna jin takunta a kan matakala, a hankali, tana hutawa tana ci gaba, har ƙofar sashenta ta rufu.