Sarewar da Ta Gaza da Mataki Guda

"Sake busawa," in ji Orsola.

Tiberio ya yi murmushi ya mayar da sabuwar sarewar bakinsa. A zatonsa daɗin sautin ne ya kama ta, don haka ya ja shi da tsawo, har da wani lumshe ido.

"Ba waƙa na ce ka yi mini ba. La kaɗai nake so. Busa mini la."

Ya busa.

A hankali ta ajiye kwandon ɓauren da ke hannunta a bakin rijiya.

"Mene ne, zuciyata? Kin yi wani iri..."

"Wannan ba la ɗinmu ba ne."

Duk wanda ya tashi a gidan makaɗa ya san kowane gari da la ɗinsa. Do, re, mi, fa, sol, la, sunayen ɗaya ne ko'ina, amma tsayin sautin, ogan ɗin majami'ar gari, wato babban abin kiɗan nan mai bututai da maɓallai, shi ke yanke shi. Namu na Valmora a sama yake, kamar na duk ƙasar Venis. Na mutanen Roma kuwa a kwance yake, kamar masu shi da son barcin rana. Shi ya sa in baƙo zai nemi kujerar mai sarewa a majami'armu, ake aika masa da ɗan usur na katako mai la ɗin ogan, ya je ya sassaƙa sarewa daidai da shi. Ba a barinsa ya gwada da ogan sai ranar gasa.

Gasar kuwa gobe ce da safe.

"Da usur na auna ta, rami bayan rami," in ji Tiberio. Ya lalubo usur ɗin a aljihu ya busa. Daidai suke da sarewar, ba ƙari ba ragi.

"Wa ya kawo maka shi?"

"Bortolo."

Ta rufe ido. Bortolo ɗan gwaggonta ne, shi ne ɗaya mai neman kujerar, kuma tun suna yara yake gaya wa kowa ita ce matarsa, ba tare da ya taɓa tambayarta ba.

"Ya ɗara namu na Roma da rabin mataki," in ji Tiberio, muryarsa ta yi ƙasa. "Shi ya sa ban kawo komai a raina ba."

"Ai ya san abin da yake yi. Ya ɗaga maka kaɗan don ka yarda, ya bar ka mataki guda cur a ƙasan ogan."

Tiberio ya zauna a bakin rijiyar yana jujjuya sarewar. Wata guda ya yi yana sassaƙa ta a ɓoye, wai don ya ba ta mamaki. To, ya ba ta.

"Ba za ka iya ɗaga kiɗan da yatsunka ba?"

"Ƙarshensa ya kai ƙurewar sarewar, Orsola. In na ɗaga, sautin ƙarshe ba ni da shi. Bari in je wajen dattawa in faɗa musu gaskiya."

"Ka ce ɗan ƙanwar babana Maestro ya yi maka cuta? Kai baƙo? Bortolo zai ce kai ka sauya usur ɗin, su yarda da shi tun bai rufe baki ba."

Su biyun sun san sharaɗin da babanta ya kafa: in Tiberio ya ci kujerar ya zauna a garin, Orsola tasa ce. In ya faɗi, ya kama hanyar Roma shi kaɗai.

"Kalle ni, rabin raina," ta ce. "Gobe ka busa yadda ka koya. Kada ka sauya komai."

"Ogan ɗin fa?"

"Ogan zai sauko ya same ka."

Ya ɗago ya zuba mata ido, ita kuwa ta ɗauki ɓaure guda ta cusa masa a baki don kada ya yi gardama.

A nan sai in gaya muku abin da duk Valmora ta sani amma ba mai faɗa. Maestro Anzolo, baban Orsola, shi ne makaɗin ogan ɗinmu tun kafin a haifi yawancinmu, amma sanyin ƙashi ya lanƙwashe masa yatsu shekaru da dama. Mace ba ta kiɗa a majami'a, haka doka take. Saboda haka duk Lahadi Orsola kan raka shi sama wai don ta buɗe masa shafi, a ja labule, kiɗa ya tashi. In an fito, mutane su tare tsohon: "Maestro, yau ka sa mu kuka." Ya gyaɗa kai. Mai gasa burodi kuma ya ƙara wa Orsola guda a kwando ba tare da ya ce don me ba. Haka muke zaune, kuma zaman ya yi wa kowa daɗi.

Da yamma suna cin tuwon masara da soyayyen kifi, Gwaggo Lugrezia, uwar Bortolo, ta zo wai aron gishiri, ta kuwa ja kujera.

"Yaya, na ji baƙon naku ya gama 'yar sandarsa," ta ce. "Mutumin Roma fa. Yau yana nan, gobe ya tuna da uwarsa. Ya ɗauke maka yarinya, wa zai buɗe maka shafi?"

Cokalin Maestro ya tsaya. Orsola ta san nan ne ciwon yake. Ba ƙin Tiberio yake yi ba, tsoro yake ji ranar da ita, da ta zame masa hannuwa, za ta bar gidan.

"Gwaggo, ga gishirin," ta ce. "Kada miyarki ta ƙone."

"Ji 'yar nema, korata kike yi?"

"Ni na isa? Tausayin Yaya Bortolo nake ji. Gobe yana buƙatar ƙarfin huhu."

Bayan ta fita Orsola ta kwashe kwanuka, ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta naɗe wa babanta yatsu, kamar kullum.

"Baba... in aka sauke kiɗan gobe mataki guda, a ina kerkeci zai fito?"

Kerkeci shi ne sunan da makaɗa suka ba wasu maɓallai biyu na ogan. Duk yadda aka gyara bututai, sai an bar wasu sautuka biyu da ba sa jituwa. In ka danna su tare, sai su yi wani gurnani mai tayar da tsikar jiki. Masu rubuta kiɗa sukan kauce musu. Amma in ka sauke kiɗa daga inda aka rubuta shi, kana iya faɗawa bakinsu.

Maestro ya daɗe yana kallonta.

"Wa zai sauke shi?"

"Tambaya ce kawai."

"A layin ƙarshe, daidai inda sarewa ke hawa sama ta tsaya. Hannun hagu ba shi da wajen gudu." Ya zare hannunsa daga nata. "Kuma ki tuna sunan wa ke kan kujerar nan. In kerkeci ya yi kuka a gaban dattawa, ba za a ce Orsola ba. Cewa za a yi Anzolo ya tsufa, a nemo wani."

"Na sani, Baba."

"To, madalla da kin sani."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don tana son tsohon nan kamar me. Amma ba ta ce ta fasa ba, shi ma bai tambaya ba.

Da safe majami'a ta cika maƙil, har masu kamun kifi sun baro kwale-kwalensu. Bortolo ya tare ta a ƙasan matakala, ya sha sabuwar riga.

"Ƙanwata, ki buɗe shafin da kyau yau."

"Kai dai ka busa da kyau, Yaya. Kunnena ƙalau yake, ka sani."

Murmushinsa ya ɗan rage.

Aka ja labule. Tsoho Menego mai hura wa ogan iska ya hau zugazugi, iska ta cika bututai. Bortolo ne ya fara, kuma kada in zalunce shi, ya iya. Orsola ta raka shi tsakani da Allah, ba ta rage masa ko ƙwayar sauti ba. Ya gama, dattawa suka gyaɗa kai.

Sai Tiberio ya fito. Ta hango shi ta ɓular labule, fuskarsa ta yi fari.

Takardar da ke gabanta sol ta ce. Ta ɗora yatsunta a kan sautin fa, mataki guda ƙasa da shi.

Kusa da ita ta ji babanta ya ja numfashi.

Sarewar ta shigo... ta zauna daram a kan ogan. Orsola ta ji hawaye sun taho, ta haɗiye su, don ba ta da lokacinsu. Idonta na karanta abu guda, yatsunta na taɓa na ƙasa da shi, sauti bayan sauti, ba dama ta yi tunanin komai. Shi kuwa Tiberio, da ya ji ƙasa ta riƙe shi, sai ya saki jiki. Sarewar tasa tana da wani taushi da ba mu saba ji ba a garin nan. Majami'a ta yi tsit, ko tari babu.

Shafi ya ƙare. Hannu biyu duk a kan maɓallai suke, ba ta da na buɗewa. Sai ga lanƙwasassun yatsu sun zo sun juya takardar.

Layin ƙarshe ya matso. Ta hango wurin tun daga nesa. Ta laluba hagu, ta laluba dama, babu mafita, yadda ya faɗa. A ranta ta ce, Baba ka yafe mini. Ta ɗaga hannun hagu za ta sauke shi a kan maɓallan biyu...

Aka riƙe mata wuyan hannu.

Maestro Anzolo ne. Ya ɗage hannunta sama, ya miƙa nasa, da ɗan yatsa guda da ya rage masa mai motsi ya danna maɓalli ɗaya tak, can ƙasa.

"Saki na dama ma," ya raɗa mata.

Ta saki.

Sauti guda ne ya rage a ogan, mai kauri, yana kwance a ƙasa. A samansa sarewar ta hau ita kaɗai, ta kai ƙurewarta ta tsaya. Kerkeci sai da biyu yake kuka. Da aka hana shi ɗaya, bai ko motsa ba. Orsola na kallon yatsan babanta yana karkarwa don zafi, amma bai ɗaga ba sai da numfashin Tiberio ya ƙare.

Can wata tsohuwa ta fyace hanci da ƙarfi, majami'a ta ɗauki hayaniya.

"Baba..."

"Share fuskarki. Mai buɗe shafi ba ta kuka."

"Hannunka..."

"Hannuna lafiya lau. Yaron nan ya iya busa, ja'iri. Ni kuma ba kurma ba ne."

Da suka sauko, dattawa sun riga sun gama shawara. Bortolo ya kutso, fuska a murtuke.

"Kawu, amma ai an sau..."

"An me?" in ji Maestro, a hankali. "Ba kai ka kai masa usur ba? Ai ka fi kowa sanin sarewarsa daidai take da ogan. Ko ba daidai take ba?"

Bortolo ya kalli uwarsa, ita ta kalli rufin majami'a.

"Daidai take, Kawu."

"To, je ka yi masa murna. Gobe kuma ka kawo mini usur ɗin majami'a na gaske, na ga kamar ya ɓata a aljihunka."

Tiberio ya zo ya durƙusa a gaban tsohon.

"Tashi, ɗan Roma. Ka sassaƙa wata sarewar kafin biki, 'yata ba za ta riƙa sauko maka kullum ba."

"Maestro, ko goma kake so..."

"Guda ta isa, mai kaiwa sama. Kuma a gidana za ku zauna, ɗakin sama babu kowa."

A bakin ƙofa Tiberio ya sami dama ya matso kusa da ita.

"Zuciyata, na ɗauka mutuwa zan yi a wurin."

"Ai na gani. Sarewar ta fi ka ƙarfin hali."

"Amma ƙarshen nan... yaya aka yi kika san ki bar ni ni kaɗai?"

"Ba ni ba ce," ta ce.

Kafin ya sake tambaya, jama'a sun kewaye tsohon kamar yadda suka saba. Mai gasa burodi ne a gaba, idonsa jajir, yana satar kallon Orsola.

"Maestro, yau kam... ban taɓa jin ka yi kiɗa irin na yau ba."

Shekara da shekaru gyaɗa kai kawai yake yi in an faɗa masa haka. Yau sai ya ɗaga lanƙwasasshen yatsansa ya dube shi, ya saƙala hannunsa a na 'yarsa.

"Na gode," ya ce. "Yau da hannuna a ciki."